Taraktar da Ba Ta Fita

Taraktar yayana ce. Da ya rasu na shigo da ita filin gidanmu na Ƙofar Dundaye, na ce sai damina. Damina ta zo ba ni da lafiya. Kafin ta gaba, na ba matarsa bakin filin ta gina shagon da take ciyar da marayu da shi. Ni na auna wa magina wurin da ƙafata, ban waiwayi faɗin tayoyin baya ba. Hanyar da ta rage, amalanke ma sai an karkata shi.

A gefen injin akwai wani ɗan bututu mai kallon ƙasa, ta nan yake fitar da tururi. Zanzaro ya dame ni da gini a bakinsa, sai na soka masa totuwar masara. Kowace safiya nakan tayar da injin kaɗan in kashe, ina ganin kulawa ce.

Bana na buɗe murfin mai, na tarar da wani farin abu kamar kindirmo. Na kira taubashina, bakanike ne a unguwar Minanata. Ya lakato da yatsa ya shinshina.

"Tsoho, fura kake damawa cikin wanga inji?"

"Duba mini, bar surutu."

Ya zaro totuwar ya nuna mini. "Kai ka toshe mai hanci. Ka tashe shi ya yi gumi, bai yi zafi ba ka kashe. Ina ruwan za shi? Ko jaki aka yi ma haka ya kwanta."

Ya juye man, ya wanke ciki, ya huda murfin saman injin ya ja tiyo zuwa inda injin ke shaƙar iska, ya ɗaure bakin tsohon bututun da raga saboda zanzaro. Da yana wanke hannu ya ce tiyo rabin magani ne. Sai taraktar ta shiga fadama ta ja garma har ƙarfen ya gasu, ruwan ya ƙone. In ba haka ba, tsatsa za ta cinye ta daga ciki.

Muka dubi bangon shagon. Ta taga ina jin matar yayana tana auna wa wata gero.

"Kwana ɗaya za a rushe shi," in ji shi.

Na bar shagon inda yake.

Na daina tayar da taraktar da safe. Ranar Juma'a nakan buɗe murfin in shafa yatsa, in mayar in rufe.