Malam Kalilu, Mai Keken da Ba Ya Sauri

Da hantsi za ka tarar da Malam Kalilu a bakin tashar Daura yana goge kujerar kekensa. Shekara goma sha takwas yana wannan aiki, kuma duk 'yan keke-napep sun yarda babu wanda ya kai shi nawa. Shi ko a jikinsa. Fasinjojinsa iyaye ne da suka fito da yara ganin gari. Wasu masu keken su kai mutane rijiyar Kusugu su juyo, shi kuwa sai ya kutsa lungu, ya tsaya wajen marina da dukawa da maƙera. Dokarsa ɗaya ce: kowane yaro ya sauka ya gaida mai sana'a, ya faɗi sunansa da na ubansa.

Bara, bayan ƙaramar Sallah, wata mata Talatu ta zo daga Mashi da 'ya'yanta, Lubna da Yazid. Mijinta Sabiru ya rasu bai taɓa nuna mata gidansu ba, don tun yana saurayi ya bar Daura da fushi. Yaran sun fara tambaya ko su ba su da dangin uba. Abin yana cin ranta, amma ba ta san inda za ta dosa ba. Ta ce bari dai su ga garin mahaifinsu.

Suna tafe Yazid ya dami mutane da ƙwanƙwasa wata 'yar fartanyar wasa a jikin keke. Malam Kalilu ya waiwayo zai tsawata, sai ya ga tsaga uku a jikin ƙarfen fartanyar. Ya san maƙerin da ke sa wannan alama.

Ya ce, "'Yata, ina ya samo wannan?"

"Ta babansu ce, a akwatinsa na gani."

"To, mu ɗan ratse."

"Baba, kada mu rasa mota fa."

"Mota ba ta ƙarewa."

Ya tsaya a maƙerar tsoho Dabo. Lubna ta durƙusa ta ce, "Sunana Lubna Sabiru." Dabo ya ajiye guduma, ya karɓi fartanyar daga hannun Yazid, ya jima yana juya ta.

"Ni na ƙera ta, shekarar da Sabiruna ya fara tafiya. Ina yake?"

Talatu ta sunkuyar da kai. Tsoho ya gane. Ya yi salati, ya jawo yaran biyu jikinsa, ya kasa sakinsu. Malam Kalilu ya sulale ya koma kekensa, ya yi kukansa ya share ido. Bai ba kowa labarin ba, a bakin maƙera muka ji.

Ƙarshen watan nan zai ajiye tuƙi, ido ya fara gardama. Malam Kalilu, kai ne ka ƙi sauri har ka ga abin da masu sauri suka wuce. Kai ka koya wa 'ya'yanmu cewa a lungu ma akwai mutanen da suka isa a durƙusa musu. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma matasa masu keke, ku sassauta gudu, ku riƙa duban wanda kuka ɗauko.

Hutun da ya wuce Malam Kalilu ya kai wasu baƙi maƙerar, ya tarar da yaron nan mai fartanya zaune kusa da tsoho. Ya tsokane shi ya ce, "Kai ɗan wa?"

Yaro ya ɗago kai ya ce, "Yazid Sabiru Dabo."