Ranar da 'Yata Ta Zo Ta Ɗaya

Ni na dage 'yata ta zauna a firamaren gwamnati da na yi a Jibiya, bayan maƙwabta sun kwashe nasu zuwa makarantun kuɗi. Da ta zo ta ɗaya a aji, na sayi kilishin Maraɗi na raba a majalisa, ina yi wa abokai lacca.

A gida matata ta ce, "Malam, ka tambaye ta su nawa ne a ajin?"

Yarinyar ta ce, "Mu uku muka rage, Baba."

Duk digirina, tambayar ba ta zo mini ba. Har yau tana can, kuma ban tabbata ko aƙidata ce ta riƙe ta ko girman kaina ba.