Arlene da Wayar Bango

Duk wanda ya san gidan Tollefson a yammacin Wisconsin, muryar Duane ya fara sani, don tun daga bakin titi ake jiyo ta. Matarsa Arlene kuwa da girki aka san ta. In an yi rasuwa a cocinsu, tiren dankalinta mai cuku ne ke fara ƙarewa. A ci, a yaba, a miƙo mata tiren ta wanke.

'Yar mai yin cuku ce. Ta auri Duane tana 'yar ashirin da kaɗan, ta ƙare ƙuruciyarta a ƙarƙashin shanunsa, tatsa safe da yamma, ko da ƙanƙara ta rufe ƙofar garke. 'Ya'yansu biyu suka girma suka tafi birni. Da madara ta daina riƙe gida aka sayar da shanun, Duane ya rasa wanda zai yi wa tsawa, sai ya jawo kujerarsa gindin wayar da ke manne a bangon kicin ya tare a nan. Yaran sun yi magiya a cire tsohuwar wayar. Ya ce sai dai bayan ransa.

Jiharsu ba a taɓa sanin inda za ta faɗa ba, shi ya sa duk shekarar zaɓen shugaban ƙasa masu jin ra'ayin jama'a ba sa barin wayar ta huta. Duane ne ke ɗauka. Kullum Arlene, tana bakin famfo, takan ji ya yi ɗan shiru yana saurare, sannan ya fashe da dariya ya ce, "Ni ne mana! Ai jiya-jiya aka haife ni." Daga nan sai ya miƙe ƙafa. Yau ya ce musu yana bayan Sanatan da ke takara, gobe ya ce bai yanke shawara ba, alhali allon Sanatan na kafe a bakin gonarsa, faɗinsa ya kai ƙofar garke.

"Rikita su nake," yakan ce in ya ajiye. "Su je su yi ta lissafin banza."

Arlene ba ta taɓa musa masa ba. Amma ta lura cewa wanda ya ce bai yanke shawara ba shi ake tsayawa a yi wa ƙarin tambayoyi, kuma tun tafiyar shanun babu mai sauraron Duane tiryan-tiryan kamar waɗannan baƙin muryoyi. Ta san wannan, ta bar masa.

Ita ma tana da nata. Shekaru da yawa da suka wuce, a ƙofar coci, ta ji ya dafa kafaɗar wani maƙwabci yana cewa, "Gidana ƙuri'a biyu ne, duka suna aljihuna." Ranar zaɓen da ta biyo baya ta shiga bayan labule, ta duba hagu ta duba dama kamar mai shirin sata, ta zaɓi ɗaya ɓangaren. Haushi ne ya fara kai ta. Dalilai daga baya suka zo, da ta fara karanta jarida har shafin ƙarshe, da kuma lokacin da aka rufe ɗan asibitin garinsu. Wanne ya fi ƙarfi a ranta, dalilan ko daɗin mallakar abu ɗaya da ba na Duane ba? Ba ta cika son tsananta wa kanta wannan tambayar ba.

A zaɓen da ya gabata masu hasashe sun sha kunya a jihar. An yi ta nuna su a talabijin da tabarau da alluna, suna cewa akwai masu zaɓen da ba a iya ganowa, waɗanda ba sa ɗaukar waya ko ba sa faɗin abin da ke ransu. Duane ya yi dariya har da buga gwiwa. Arlene ta tsaya da tsumman goge kwano a hannu. Ba ta damu da wanda kuskuren ya taimaka ba. Abin da ya tsaya mata shi ne an buga lambar gidanta ba iyaka, kuma ko sau ɗaya ba a lissafa da ita ba. Bayan labule kowa jarumi ne. Ita so take kafin ta mutu ta ji bakinta ya faɗa, a cikin kicin ɗinta, wani ya rubuta.

Bana, da ganye ya fara yin ja, ta ɗaura niyya.

Matsalar ita ce ƙugun Duane ya lalace amma hannunsa bai mutu ba. Kafin ƙara ta biyu ya cafke. Sai ta fara ƙorafin iska na shigowa ta tagar da ke bayan kujerarsa.

"Wace iska? Ni ban ji komai ba."

"Ba za ka ji ba sai ta kwantar da kai. Kuma ba ni zan yi jinya ba, tsoho."

Ta ja kujerar zuwa kusa da murhu. Teburin murza fulawa ta mayar gindin wayar, ta tsiro da gasa waina mai tuffa kusan kullum, har Duane ya fara tambaya ko wani ne ya mutu ba a gaya masa ba. Kiran farko da ta riga shi, mai tallar gyaran rufi ne. Na biyu wata na'ura ce ke zuba surutu. Na uku ya same ta a ɗakin wanki, ta fito da gudu ta tarar ya riga ya miƙe ƙafa yana cewa jiya aka haife shi. Ta koma ta ƙarasa wankin, haƙoranta a cije.

Wata Laraba da la'asar, hannunta duk fulawa, wayar ta yi ƙara. Ta ɗauka.

Muryar wani saurayi ce, mai ladabi, da alama ya gaji da zagi. Ya ce sunansa Terrell, suna tattara ra'ayin jama'a kan zaɓe, ba abin da yake sayarwa. "Ranki ya daɗe, ina neman baligin gidan nan da ranar haihuwarsa ta wuce kwanan nan fiye da ta kowa."

Arlene ta juya ta dubi mijinta. Ashe tambayar ke nan da ya shekara yana amsawa da dariya. Shi ɗan watan Maris ne. Ita kuwa watan jiya, Satumba, ya saya mata sabuwar tukunya don ranar haihuwarta.

"Me ya sa sai shi?" ta tambaya.

"Ƙa'idar aikin ce. In muka ɗauki duk wanda ya fara ɗaga waya, ra'ayin masu saurin hannu kawai za mu tara."

"To ka same ta. Ni ce."

Duane ya riga ya taso, yana dafe da ƙugu. "Su ne? Miƙo nan. Arlene, miƙo, ke me kika sani a kai?"

"Wanda aka haifa kwanan nan suke nema."

"Ai ni ke nan!"

"A Maris? Zauna, jariri."

Bai zauna ba. Ya tsaya a kanta, kusa har tana jin warin kofi a numfashinsa. Terrell ya fara da masu sauƙi: ko ta yi rajista, ko tana da tabbacin za ta fita zaɓe. Ta ce ko ƙanƙara ta kai wuya. Duane na gefe yana gyaɗa kai, yana raɗa mata amsa kamar mai koya wa yaro karatu.

"Da yau ne zaɓe," in ji Terrell, "wa za ki zaɓa?" Ya karanto sunan ɗaya ɗan takarar, Gwamna, ya karanto na Sanata.

Ta dubi fulawar da ta shafa wa wayar. Ta taga tana hango bayan allon Sanata, wanda ita ta riƙe masa sandar ranar da ya kafa shi. Saurayin ya jiyo numfashin namiji kusa da ita. Da alama ba yau ya fara cin karo da irin wannan kicin ba, don sai ya rage murya.

"In akwai mutum kusa, ba sai kin faɗi suna ba. Ki ce na farko ko na biyu, zan gane. Juya jerin muke yi, ba wanda zai sani."

Ga labule an kawo mata har gida. Ta ji daɗin tayin, har ta buɗe baki za ta karɓa. Sai ta tuna ba don wannan ta yi makonni tana gasa wainar da ba mai ci ba.

"Na gode, ɗana. Rubuta Gwamna." Ta faɗi cikakken sunansa, a hankali, yadda ko mai rabin kunne zai ji.

Duane ya yi dariya. "Yauwa! Rikita su, tsohuwa. Ashe kin iya."

Ta rufe bakin wayar da tafin hannu. "Ba rikita su nake ba, Duane."

Dariyarsa ta yanke. Terrell na tambaya ko akwai yiwuwar ta sauya ra'ayi kafin ranar. Ta ce babu, idonta cikin na mijinta. Ya tambayi wanda ta zaɓa a karon baya. Ta faɗa. Duane ya lalubi kujerarsa ya zauna. Ta amsa sauran, shekaru da karatu da addini, saurayin ya yi godiya, ta rataye wayar ta koma kan fulawarta.

"Tun yaushe?" ya ce daga can.

"Tun muna da shanu."

"A motata nake kai ki!"

"Kuma ina gode maka kowane karo."

"Ke kika riƙe mini sandar allon nan."

"Allonka ne. Da na sake ta, da ta faɗo maka a ƙafa."

Ya fita ba hula, ya shiga garken da babu komai ciki. Ba ta bi shi ba. Ta ɗora abinci a kan lokaci, ya dawo ya ci, amma bai taɓa wainar ba. Kwanaki suka shuɗe a haka, magana sai ta dole. Arlene ta ji zafin abin fiye da yadda ta zata. Sau da yawa kalmar ban-haƙuri takan zo mata har leɓe, ta haɗiye, don ta san in ta fito, wasa zai mayar da komai, ƙuri'ar ta koma aljihunsa.

Ranar Lahadi bayan coci talabijin ta nuna sabon sakamakon jin ra'ayi a jihar. Sanata na gaba, Gwamna na binsa, tazarar ba ta kai a kira ta tazara ba.

"Ƙarya ce," in ji Duane. Maganarsa ta farko ke nan mai ɗan tsawo. "Ba wanda ke gaya wa mutanen nan gaskiya."

"Kai dai ba ka gaya musu. Ni ina ciki."

Ya harare ta, ya jawo farantin wainar da ya yi kwanaki yana ƙi, ya gutsura.

"Ranar zaɓe sai ki nemi mai kai ki."

"Na iya tuƙi tun kafin ka iya aske gemu."

"Motar ba ta son hannunki." Ya tauna, ya haɗiye. "Ni zan kai ki. Ki je ki kashe mini ƙuri'a ina kallo."

Wayar ta yi ƙara. Hannunsa ya zabura da kansa, ya tsaya a iska, don kujerar ta yi nisa. Arlene ta goge hannu a jikin riga, ba gaggawa.

"Ci wainarka," ta ce. "Har Maris wayar tawa ce."