Azurfa a Bakin Mani

Ranar wata Laraba ce, kwana uku bayan Sallar Layya, ina ɗan shekara tara, ayarin Kawu Bawa ya sauka Jega daga Ikko, can bakin teku. Ina bayan gida ina tsaron naman da aka shanya bisa igiya na ji kukan jakuna, na bar wa shirwa naman na ruga. A ƙofar zaure na tarar ana sauke huhunan goro, ga ɗan kawun nawa, Mani, zaune bisa ɗaya yana kaɗa ƙafa. Wata bakwai rabona da shi. Ya yi baƙi, ya ƙara tsawo. Ko gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Labbo ɗan wanzan, taho ka ga abin da ubanka bai iya ba." Ya sa yatsa ya ja kumatunsa, ya juya fuska wajen rana. Can ciki, a tsakiyar haƙorin taunarsa na ƙasa, wani abu ya yi wal kamar an ɗiga narkakkiyar azurfa. Na daɗe ina leƙe. Na ce masa ba wani abin kallo ba ne, amma ranar ko naman Sallah bai yi min daɗi ba.

Abin da ya faru shi ne, haƙori ya tayar wa Mani a Ikko har ya kasa tashi, mai masaukinsu ya kai shi wurin wani likita. Maimakon likitan ya cire, sai ya kankare ruɓar ya cike kogon da wannan ƙarfe. A lokacin Turawa ba su daɗe da zama ƙasarmu ba, kuma a unguwarmu ba wanda ya taɓa jin an yi wa haƙori ciko da ƙarfe.

Ni da Mani taubasai ne, mahaifinsa wan mahaifiyata ne, saboda haka al'ada ta ba mu damar zagin juna da tsokana ba wanda zai tsawata. Kafin tafiyarsa ni ne gaba a komai. Ni ke kayar da shi a kokawa, ni ke riga shi ƙetare gulbi, in ana langa ni ake rububin ɗauka. Da ya dawo sai duk wannan ya zama ba a bakin komai ba. In muka je fadama ban ruwan albasa, yara su karɓe masa ƙwarya su yi masa nasa layin don kawai ya buɗe musu baki. 'Yan mata masu tallan fura su tsaya su ce, "Mani, a gani mana." Mahauta a kasuwa su miƙa masa tsire su ce ya tauna da na azurfar. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ranar da Malam da kansa, muna tsakiyar karatu, ya ajiye bulala ya ce Mani ya matso, ya leƙa, ya ce, "Ikon Allah." Ni da na riga kowa kai izu biyu ban taɓa samun wannan kallon daga Malam ba.

Ga shi kuma ni ma ina da kogon haƙori, a gefe ɗaya da nasa. Mahaifina wanzami ne, shi ke yi min magani kamar yadda yake yi wa mutanen da ke zuwa daga Alelu da Gumbin Kure riƙe da kumatu. Yakan share kogon da tsinke da ɗan auduga, ya daka kanumfari ya yi laushi, ya haɗa da ƙaro kaɗan, ya murza kakin zuma a tafin hannunsa har ya yi taushi, ya kwaɓa su tare, sannan ya danna a kogon da babban yatsa. Kafin ka kai ƙofar gida zogin ya kwanta. Har yau in na ji ƙanshin kanumfari nakan ji ɗumin yatsan nan. Sai dai cikon ba ya daɗewa. Tuwo mai zafi ko gaɓar rake ɗaya ta isa ta fitar da shi, a sake wani. Kuma ba ya ƙyalli. Da na buɗe wa yara bakina suka ce kamar kashin ɓera. Mahaifina yakan ce, "Ni ban hidda haƙori sai ya ƙi magani." A da ina alfahari da wannan magana. Bayan dawowar Mani sai na riƙa jin kunyar zabirarsa da duk abin da ke cikinta.

Bayan mako uku Kawu ya wuce da goronsa Sakkwato da Gobir, ya bar Mani wurin kakarmu Tumba. Sai labari ya zo cewa Bature zai zo rangadi tare da masu ƙidaya. Gari ya cika da maganganu. Wasu su ce 'ya'ya ake ɗiba a kai makarantarsu, wasu su ce samari ake nema na ɗaukar kaya. Kaka tana da dalilin tsoro fiye da kowa, don ƙaramin ɗanta an tafi da shi ɗaukar kayan soja tun kafin a haife ni, bai dawo ba, ba a kuma ji inda ya mutu ba. Na san wannan sarai. Ba zan ce ban sani ba.

Da hantsi na same ta a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Mani take kira angonta, ni kuwa tsohon miji.

Na ce, "Kaka, kin san abin da anka sa ma angonki a baki?"

Ta ce, "Azurhwa, tsohon miji. Kai da ba ka da ko ta zobe."

Na ce, "Lamba ta. Awa wadda aka yi ma raƙumi da wuta. Na ji hwatake na hwaɗi a kasuwa. In Nasara ya buɗe bakin yaro yag ganta, nashi na, tahiya zai yi da shi."

Ba wani farke da na ji. Tsakanin zaure da ƙofar ɗakinta na ƙaga maganar. Na shirya in an kama ni in ce wasan taubashi ne, ba mai hukunta ni. Amma wasan taubashi da dariya ake yin sa, a gaban wanda ake tsokana. Ni na faɗa fuskata a ɗaure, Mani kuma yana fadama. Mazarin Kaka ya tsaya. Ta ɗauki mayafi ta aika a kira mahaifina.

Duk wanda ya san kunyar da ke tsakanin mutum da surukarsa a ƙasarmu ya san an gama. Mahaifina ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa a waje, kansa a ƙasa, tana magana daga cikin ɗaki. Sau ɗaya kawai ya yi ƙarfin halin cewa, "Inna, wanga haƙori lahiyatai lau." Ta ce, "Na ba da ɗa guda, ban ba da na biyu. Ko ka hidda shi, ko in kira maƙeri." Ya tambaye ta a ina ta ji, ta ce an faɗa mata. Ba ta ambaci sunana ba. Ina tsaye jikin rumbu, tsakanina da shi bai fi taku biyar ba. Kalma ɗaya ta isa. Abin da ke raina a lokacin, Allah ya gafarta min, shi ne gobe a fadama ba wanda zai karɓe wa Mani ƙwarya.

Washegari da safe aka zaunar da shi a gindin tsamiyar ƙofar gida. Har aka riƙe masa hannu yana dariya, yana zaton tsokana ce, yana ce min, "Ɗan wanzan, ku kuka shirya wannan?" Maza biyu suka danne shi. Mahaifina ya yi bisimilla ya sa awartaki. Haƙorin da ya saba cirewa ruɓaɓɓe ne mai girgiɗi, wanda da kansa yake neman fita. Wannan kuwa cikon ya tsare shi, saiwarsa ta kafu kamar kututturen ƙirya. Ya ja bai motsa ba. Ya sake ja, gumi na ɗiga daga gemunsa. A na uku muka ji ƙas, haƙorin ya rabu biyu, muƙamuƙin Mani ya goce. Ihun da yake yi ya koma wani irin gurnani, bakinsa a buɗe ya kasa rufuwa.

A kan jaki aka kai shi Aliero wurin masu ɗori. Suka mayar da muƙamuƙin suka ɗaure masa kai da rawani. Saiwar da ta rage a ciki ta yi ruwa, fuskarsa ta kumbura har idonsa ɗaya ya rufe. Fiye da wata ba ya cin komai sai kunu, Kaka na ɗura masa da ludayi tana kuka. Baturen kuwa ya zo ya kwana biyu a bariki ya wuce. Ko unguwarmu bai shigo ba, balle ya buɗe bakin wani.

Zan faɗi gaskiya tunda ita na zauna rubutawa. Kwanakin farko na ji daɗi. Na koma gaba a langa, yara suka dawo bayana. Daɗin ya ƙare ranar da Mani ya fito, ya rame, bakinsa ya ɗan karkace hagu, ya zo ya zauna kusa da ni a bakin gulbi kamar kullum, ya miƙo min rabin gyaɗar da aka ba shi don shi ba ya iya taunawa.

Da Kawu ya dawo aka yi tashin hankali. Bai iya yi wa mahaifiyarsa faɗa ba, sai ya sauke a kan mahaifina, ya kira shi mahaucin yara a gaban jama'a. Shekara biyu ba sa gaisawa, mahaifiyata tana tsakani, ga miji ga wa. Mahaifina bai kare kansa ba. Ya ci gaba da aski da ƙaho da cikon kaki, amma awartakin nan bai sake taɓa shi ba har ya koma ga Allah. Kaka ma ta mutu da sunana a cikinta. Sai dai tun daga ranar ba ta sake kirana tsohon miji ba. Labbo take cewa, kamar baƙo.

Mani ya girma ya koma Liba, can wajen Maiyama, yana noman gero da albasa. Da gefe ɗaya ya ci abinci duk rayuwarsa, kuma in sanyi ya shigo muƙamuƙin kan yi masa ciwo. Zumuncinmu bai yanke ba. Duk haɗuwarmu sai ya ba jama'a labarin yana dariya da karkataccen bakinsa, ya ce, "Tsohuwar nan ta ci min azurhwata, Allah shi jiƙanta." Ni ma in yi dariya. Fiye da shekara sittin muna haka. Sau da yawa na kama hanyar Liba da niyyar faɗa masa, in na isa ya tarbe ni da zagin taubashi da ƙwaryar fura, sai in ce sai wani zuwan. Da ya rasu, ina sahun gaba aka yi masa sallah.

Bara ɗaya daga cikin 'yan haƙoran da suka rage min ya yi kogo, aka kai ni asibiti a Birnin Kebbi. Likitar yarinya ce sa'ar jikokina. Na tambaye ta ko azurfa za ta sa min. Ta yi murmushi ta ce, "Baba, wancan cikon ba azurfa ce zalla ba, da zaiba ake kwaɓa ta. Yanzu akwai fari wanda ba zaiba cikinsa, shi muka fi so." Ta nuna min iri biyu, ɗaya kamar ƙullu da ake haska wa wata 'yar fitila ya daskare, ɗaya gari ne da ake damawa ya kama haƙori kamar siminti. Da na ji zaiba sai na kasa kunne. Na san ta a wurin masu magani, na san ba abin wasa ba ce. Na ce a raina, ashe ma taimakon Mani na yi. Na yi sauri na ce, "To 'yata, wanda ke da tsohon a bakinsa, gara a cire masa ke nan?" Ta ce, "A'a Baba. In yana zaune lafiya ba a taɓa shi. Ballantana a cire haƙori mai lafiya, wannan ai ɓarna ce." Na rufe ido na buɗe mata baki, ta yi aikinta.

Da ta gama ta ba ni madubi, na duba na duba ban gane wanda aka cike ba. Yaran yanzu ana yi musu wannan da safe su koma makaranta da rana, ba wanda zai bi su a ce a gani, ba wanda zai kwana da ciwon rai a kansa. Ina yi musu murna. Mu namu zamanin kaki ne da kanumfari, ciko mai faɗuwa bayan mako, a hannun mutumin da bai taɓa cutar da kowa ba sai da ɗansa ya sa shi. Da za a mayar min da safiya ɗaya daga cikin waɗancan, ba azurfa zan roƙa ba. Zan so in kama hanyar Liba in tarar da Mani zaune, in faɗa masa kafin ya kawo fura.