Ilu, Mai Gwada Rigunan Yara da Ashana

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, ko da komawar ta riske mu a ƙasar da ba mu iya harshenta ba. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Ilu Abdulmumini, mai lodin kaya zuwa Najeriya, a wani asibiti a nan birnin Guangzhou na ƙasar Sin, bayan ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar sitonsa. Shekarunsa hamsin da huɗu. Washegari muka kai shi maƙabartar Musulmi. Ba mu cika sahu biyu ba. Ranar ce aka buɗe babban baje kolin 'yan kasuwa na unguwar Pazhou, kuma mutanenmu ba don jana'iza suka biya kuɗin jirgi daga Kano ba.

Ilu, shekara goma sha ɗaya ke nan da sanina da kai. Ka same ni ina tafinta da cike takardun kaya a unguwar Liwan, ni da na karanta ilimin saƙa da rini har na riƙe sashe a wata masaƙa a gida Najeriya kafin a garƙame ta. Kowa a nan Injiniya yake ce mini don tsokana. Kai kaɗai ka taɓa tambayata abin da na karanta.

Ƙyalle ka kawo mini, mai laushi, gefensa a babbake. Ragowar rigar barci ce da ka kai wa Lami, 'yar ƙanwarka Rekiya, tsaraba. Shekararta shida. Ta fito wanka, uwarta ta sa mata rigar, ta ce ta tsaya a kan kaskon turaren wuta, kamar yadda ake yi wa yarinya a gidajenmu don jiki da tufa su kama ƙamshi. Kafin uwar ta rufe kwalbar turaren, wuta ta kai wuya. Kwana tara Lami ta yi a asibiti, sannan ta cika.

Na duba ƙyallen na gaya maka abin da na sani. Yadi mai gashi-gashi irin wannan, idan aka ɗinka shi da faɗi, iska na shiga ta ƙasa, wuta na hawa kansa a guje. Na ƙara maka da abin da ba ka tambaya ba: don Amurka da Turai ake ɗinka irin waɗannan riguna. Hukumomin can su gwada, su ga suna kamawa, su sa a janye su daga kantuna, a ce wa iyaye su mayar. Abin da ya rage a masana'anta kuwa ba a zubar da shi. Tambarin kamfani da ke wuya ake yankewa, a jibge a kasuwar Shahe da sunan ragowar kaya, mu kuma mu zo mu kwasa muna murnar araha.

Da na gama, sai ka ce, "Ashe da hannuna na kai mata."

Tun daga ranar, duk kwalin kayan barcin yara da ya shigo sitonka sai ka farke shi. Ka yanko ɗan ƙyalle daga cikin ɗinki, ka riƙe da almakashi, ka ƙyasta ashana a gaban mai kayan. Wanda ya ci a hankali, ko ya mutu da kansa, ya hau kwantena. Wanda ya tashi fuu, a waje zai kwana. 'Yan Sin masu shaguna a Shahe suka haddace fuskarka. Da sun hango ka sai su ja leda su rufe dila suna cewa meyo, wato babu. Namu kuwa suka laƙaba maka Ɗan Kwana-kwana, suna tambayarka ko ka zo da motar ruwa. Kai ma dariya kake yi, ka ci gaba da yanka.

Ina tuna Hajiya Memunatu, 'yar zangon Kumasi, da ta zo Sin karon farko ta zuba jarinta a irin waɗannan riguna. Da ta ga gwajin sai ta zauna a kan kwali tana hawaye. Ka rufe sito da tsakar rana, ka raka ta shagon da ta saye su, ka tsaya a ƙofarsa har la'asar ba ka ɗaga murya ba, sai da aka canza mata da kayan makaranta. Ni ma da hawan jini ya kwantar da ni, kai ne ka riƙa hawa bene na shida da kwanon tuwo har na miƙe. Ba ka taɓa ambatawa ba.

Mako guda kafin rasuwarka wani babban ɗan kasuwa, wanda ba zan kama sunansa ba, ya sauke kwali ɗari biyu na rigunan barcin yara a wurinka. Ka gwada, ƙyallen ya cinye kafin ka saki almakashin. Ina tsaye.

Ka ce, "Alhaji, wannan ba zai hau kwantenata ba."

Ya ce, "Haba Malam Ilu, wane yadi ne wuta ba ta ci? Shaddar jikinka ma in na kunna mata, ci za ta yi."

Ka ce, "Za ta ci, Alhaji, amma za ta ba ni lokacin tuɓewa. Wannan ba ta ba yaro lokacin kiran uwarsa."

Ya ce a Najeriya ba wanda ya hana, kuma gaskiyarsa, ba mai tare su a tashar jiragen ruwa. Ka kulle kayan, ka ce za ka koma da su wurin wanda ya sayar. Ba ka kai ga komawa ba.

Ranar addu'ar uku, muna zaune muna yi maka salati, aka zo da mota aka kwashe kwalayen Alhajin zuwa wani siton. Da safe aka ajiye mini takardunsu a tebur. Ilu, na cike su. Izinin zamana a ƙasar nan yana hannun kamfanin da nake wa aiki, kuma ina da shekara sittin da uku, ba ni da abin da zan koma in tarar a gida. Wannan ba uzuri ba ne. Na rubuta ne don kada mai karatu ya ɗauka ni irinka ne. Ni ne na san dalilin kamawar wutar, kai ne ka hana ta.

Jirgin ruwan da ya ɗauke su ya tashi ranar Asabar da ta wuce. Kayan za su shiga kasuwannin Kano da shigowar sanyi, lokacin da yara ke matsawa jikin murhu. Dogayen riguna ne na 'yan shekara uku zuwa takwas, ruwan hoda da shuɗi mai haske, da zanen fararen zomaye, lallausa kamar bargo. Idan aka juya wuyan za a ga guntun tambarin da aka datse. Duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, ya karanta wa matan gidansa, ya tura wa masu saro kayan yara.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Hajiya Ummu Salma, da 'ya'yansa Surayya da Ibrahim Khalil, da ƙanwarsa Rekiya wadda ta yi rashi na biyu. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya jiƙan Ilu, Ya yalwata masa kabarinsa a wannan baƙuwar ƙasa, Ya nesanta shi da wuta kamar yadda ya nesanta ta da 'ya'yan da bai taɓa gani ba, Ya haɗa shi da Lami a Aljanna.

Ni kuwa, ku roƙa mini gafara, ku kuma roƙa Allah Ya sa wannan takarda ta riga jirgin isa gida.