Murabus Ɗin Mai Akwatin Magani

Shekarata ashirin da uku sa'ad da wata ƙungiyar taimako ta ɗauke ni aiki a Tawa, ta tura ni Buza. Bayan fari ne, mutane da dabbobi duk a rame. Aikina in hau ɗan babur, mobilet, in bi ƙauyuka ina kafa kwamiti ko in sabunta na da: shugaba, magatakarda, mata biyu, da mai riƙon akwatin magani. Ba mai albashi cikinsu. Aikin lada ne, haka muke ce musu.

Akwai wani ƙauye bayan Tabotaki, bisa dutse. Mai akwatinsu tsoho ne siriri, idonsa ɗaya ya fara yana. Shekara bakwai yana riƙe da shi kafin in zo. Kinin, maganin ido, maganin gyambo, auduga. Bai yi lakkol ba, wato boko, da launi da wari yake gane kowace kwalba. In magani ya ƙare, da ƙafa yake zuwa Buza ran kasuwa.

Takardar biro, wato ofishinmu, ta ce duk shekara a sake zaɓe. Na tara mutane da hantsi gindin wani gawo, na karanta musu. Da munka zo kan akwati, tsohon ya miƙe.

"Jama'a, ni dai na tsuhwa. Ƙahwa ta gaji, ido ya gaji. Ku duba cikin yara ku ba wani."

Wani daga baya ya ce, "Baba, ƙahwar da ke riga jakina isa Buza?"

Anka yi dariya, shi ma ya murmusa. Ni agogo nake dubawa, da sauran ƙauye guda a gabana. Na ce, "To, Baba ya yi murabus. Allah ya saka da alheri. Wa kuke so?" Na rubuta a kaye, littafin aikina.

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka kunya ce. Na sake tambaya, har anka nuna wani saurayi da ya yi shekara biyar a lakkol. Tsohon ya je gida da kansa, ya ɗauko akwatin a ka, ya aje gabana. Ya ciro makullin daga wuyansa, ya ɗora sama.

Sai da na koma bayan wata guda, sannan ɗaya daga cikin matan kwamitin ta tare ni bakin rijiya.

"Ɗan nan, a garinku in baƙo ya ce ya ƙoshi, ɗauke akushi kuke yi?"

Ita ta fahimtar da ni. Ashe duk shekara haka yake faɗi. Sai liman ya tashi ya roƙe shi, ya ƙi. Maigari ya roƙa, ya ƙi. Sai mata su aiko da nasu roƙon, a ambaci wanda ya warkar da wanda ya raka zuwa likita, sannan ya ce to, don ku. Abin da yake samu ke nan a shekara, ba wani. Da sunka ga ni mai takarda na karɓa, sunka zaci biro ne ke son a fid da shi. Wa zai ja da biron da ya kawo hatsi lokacin yunwa?

Ana gama girbi saurayin ya tafi biɗa, neman kuɗi, Abijan. Akwatin ya zauna ɗakin uwarsa. Ciwon ido ya shigo gari, yara na tashi ido a manne.

Na ɗauki maigari da liman munka je wurin tsohon. Yana zaune ƙofar gida yana tufka igiya. Na durƙusa, na ce kuskurena ne, ban sani ba. Liman ya roƙa, maigari ya roƙa. Ya bari duk munka gama, sannan ya kira ni mushe, yadda suke kiran ma'aikaci da Faransanci.

"Mushe, tashi, kada wandonka ya ɓaci. Ran nan da kun roƙa, ni kunka roƙa. Yau akwati ya kawo ku."

Bai karɓa ba. Wasu biyu munka tambaya, kowa ya ce ba zai ɗauki abin da anka amshe hannun Baba ba. Dokar biro kuwa, garin da ba mai riƙo, akwati ya komo Buza.

Ni na ɗaure shi bayan mobilet. Hanyar fita gari ta bakin gonar tsohon take bi, yana ciki yana tara kara. Ya ɗago, ya dubi abin da na ɗauko.

"Ja igiyar da kyau, mushe, kwalabe ne. Hanyar duk duwatsu."

Na sauka na ƙara ɗaurewa, na wuce.