Faifan da Baba Fannami Bai Sata Ba

Baba Fannami, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: faifan nan yana wurina, a ƙasan akwatina, cikin safa.

Ranar Laraba, sha huɗu ga Agusta, muna tsaka da tankaɗe aka aiko cewa ka rasu a hatsarin babur, kana dawowa daga gonar shinkafarka ta Auyo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bara ne Yaya Abdulmannan ya aike ni shagonka da laftof ɗinsa, wadda sai mutum ya kunna ta, ya yi alwala ya dawo, ba ta gama farkawa ba. Ka kwance bayanta, ka tara ƙusoshin a murfin kwalba, ka ƙara mata ram, abin da ke sa ta sauri, daga gig huɗu zuwa takwas. Ka cire tsohon faifan ajiya mai gig ɗari biyar, mai ƙugin nan, ka sa sabon faifai mai sauri marar ƙara, SSD, mai ɗari biyu da hamsin da shida. Kana kwashe kayan ciki ka buɗe jakar da na raɗa wa suna "Lissafi". Labaran soyayya ne guda tara, ni na rubuta su a ɓoye. Na so ƙasa ta tsage. Ko kai ba ka ɗaga ba, ka ce, "'Yata, wannan lissafin ba na yayanki ba ne, ba zan zuba shi a sabon ba. Riƙe tsohon, kar ya sha ruwa."

Yaya na ganin lambar ya tashi: "Ɗari biyar ta koma ɗari biyu? Ko ƙara ma ta daina, ya cire mata inji!" Ya je shagonka, a gaban mutane, ya ce ka sace faifai. Ka ce yana hannun amana. Ba ka ambaci sunana ba, ni kuma na yi shiru shekara guda.

Jiya a wurin zaman makoki, da kunnena na ji wata tana cewa, "Allah ya jiƙansa, amma dai a binciki kayan shagon nan." A gidanka, a kan tabarmarka! Ɗanta kuwa da kwamfutar da ka tayar ya gama karatu. Shi ma Yaya kullum yana kan tasa, tana buɗewa kafin ya gyara zama, bai taɓa tambayar dalili ba. Raina ya ɓaci da su duka, amma ya fi ɓaci da ni.

Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya suturta ka kamar yadda ka suturta ni. Allah ya ba matarka Anti Adila da yara haƙurin rashinka.

Da niyyar in ɓoye na fara rubuta wannan, kamar sauran. Na fasa. Gobe ake addu'ar bakwai, zan miƙa wa Anti Adila takardar nan da faifan, a gaban Yaya. Su buɗe "Lissafi" su karanta duka taran in sun ga dama.

'Yarka,
Mardiyya, Haɗeja